Wahayi Ne Ko Ruɗin Ƙwaya?

Karatu: Markus 5:1-20

Wata Lahadi bayan sujada wani saurayi, tela a nan unguwar Briqueterie ta Yawunde, ya tsayar da ni a ƙofar majami'a. Ya ce, "Baba Fasto, abokaina sun zuba mini zaƙami a shayi. A daren nan na ga mahaifiyata da ta rasu, har mun yi magana. Ashe ba Allah ne ya nuna mini ita ba?" Yana so ya sake sha domin ya sake ganinta.

Kafin mu amsa, bari mu duba yadda Allah ya gina ƙwaƙwalwa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, suna aika wa juna saƙo ta wurin sinadarai. Kamar kasuwar Mokolo take: layin atamfa dabam, layin nama dabam, kowane sashe da aikinsa. Ƙwayoyin ruɗi suna hargitsa wannan tsari.

A shekara ta 1943 Albert Hofmann, masanin sinadarai a Suwizalan, ya gano ƙarfin ƙwayar LSD a jikinsa. Tana kama da sinadarin sarotonin na ƙwaƙwalwa, sai ta zauna a mazauninsa. A 2016 masu bincike a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar waɗanda aka ba su ita. Sun ga sashen gani yana hulɗa da sassan da bai saba hulɗa da su ba. Shi ya sa mutum yakan rufe ido amma yana ta ganin siffofi, wani ma har ya rasa iyakar kansa da abin da ke kewaye da shi.

Zaƙami kuwa wata hanya yake bi. Yana toshe wani sinadarin da tunani da tuni suke dogara gare shi. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta gudu, mutum ya yi ta hira da waɗanda ba su nan. Ba banza ba Hausawa suka sa masa suna haukata-yaro. Haka kuma saiwar iboga, wadda ake ci a tsafin Bwiti a Gabon da kudancin Kamaru domin neman kakanni, tana iya rikita bugun zuciya, har wasu sun mutu.

Sai na ce wa saurayin, "Ɗana, marmarinka na gaske ne, amma wadda ka gani daga rumbun tunaninka ta fito. Ƙwaya ba ta buɗe sama. Abin da ke cikin kai take juyawa."

Dubi mutumin ƙasar Garasinawa a cikin karatunmu. Yana zama a makabarta, yana ihu, yana yi wa kansa rauni da duwatsu. Da Yesu ya 'yantar da shi, mutanen gari suka same shi a zaune, da tufafi, cikin hankalinsa. Wannan ita ce alamar aikin Almasihu: yakan maido wa mutum hankalinsa. Shi kansa Ubangiji, da aka miƙa masa ruwan inabi gauraye da mur a Golgota, bai karɓa ba (Markus 15:23). Da hankalinsa cikakke ya ɗauki azabarmu.

Ɗan'uwana, wane ciwo kake so ka rufe da ƙwaya? Rashin uwa ne, ko rashin aiki, ko gajiyar acaba? Kada ka ɓoye. Ka faɗa wa dattijon ikkilisiya, ka kuma ga likita. Iyaye, idan ɗanku ya sha zaƙami yana sambatu, kada ku ɗaure shi ko ku doke shi. Ku kai shi asibiti nan da nan, kuna addu'a a hanya.

Addu'a: Ya Uba, kai ne ka ba ni hankali. Ka tsare shi, ka ta'azantar da masu makoki, ka komo da 'ya'yanmu gida. A cikin sunan Yesu, Amin.