KAMUN KAI: DARASIN LOKACIN KAKA



Kaka ta yi. Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi a 'yan kwanakin nan zai ga masara shanye a bakin titi, da motoci shaƙe da buhuna sun nufi kasuwar Ɗandume ko ta Bakori, wasu ma har Dawanau a Kano. Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan lokaci. Na zaɓi in yi magana a kan kamun kai yanzu, domin a ƙasarmu ta manoma jarrabawar mutum takan zo ne a ranar da kuɗi suka shiga aljihunsa. Da damina kowa mai haƙuri ne, don ba shi da abin kashewa.

Abin da ya sa na rubuta wannan darasi

A wata shekara, cikin watan Agusta, wani magidanci ya yi sallama a gidan Fada da magariba. Bayan mun gaisa ya yi shiru, kansa a sunkuye, can ya ce, “Fada, a taimake ni da tiya biyu ta masara, yau kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidana ba.” Na san mutumin nan. Manomi ne na gaske, kuma da idona na ga amfanin da ya kai gida a kakar da ta wuce. Ɓarawo bai shiga rumbunsa ba, wuta ma ba ta ci ba. Shi da kansa ya faɗa mini yadda aka yi. Duk ranar kasuwa sai ya fitar da buhu ɗaya: wannan na bikin aboki, wannan na sabuwar waya, wannan na zama da abokai a gidan burkutu. Kafin Ista rumbun ya zama wayam. Da ruwa ya sauka ya ci bashin taki a kan zai biya da masara, watau ya sayar da kakar da ba ta zo ba tukuna.

Na ba shi abin da ya sawwaƙa. Amma daren nan ban yi barci da wuri ba, domin na ga kaina a cikinsa. Ni ba ni da rumbu, amma ina da lokaci, kuma na san sau nawa na ɗauki waya da dare da niyyar duba saƙo ɗaya, ban ajiye ta ba sai bayan ƙarfe goma sha biyu, da safe na tashi yin Misa jikina a mace. Saboda haka wannan darasi nawa ne kafin ya zama naku.

Mene ne kamun kai?

Kamun kai shi ne mutum ya zama shi ke riƙe da linzamin sha'awarsa. Ekklisiya tana lissafta shi cikin manyan halaye huɗu na kirki, tare da hikima da adalci da ƙarfin zuciya, kuma Katikizim na Ekklisiyar Katolika da aka fitar a 1992 ya yi bayaninsa a lamba ta 1809. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa sura 5, ya sa shi cikin 'ya'yan da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a rayuwar mai bi.

Kada mu ɗauka cewa abinci ko kuɗi ko biki mugun abu ne. Allah ne ya halicci abin marmari, Ubangiji Yesu da kansa ya je bikin aure a Kana. Ku dubi bijimin noma. Ƙarfinsa albarka ne. Idan an hore shi yakan ja garma ya yi huɗar da mutum biyar ba za su yi ba a yini. Idan ba a hore shi ba, da wannan ƙarfin zai tattake shukar maigidansa. Haka sha'awar ɗan Adam take: yunwa, fushi, son a yabe mu, son jin daɗi. Duka suna da amfani matuƙar suna ƙarƙashin hankali da tsoron Allah.

Littafin Karin Magana sura 25 ya kwatanta marar kamun kai da birnin da ganuwarsa ta rushe. Mu da muka san abin da ganuwa ta yi wa Katsina da Kano da Zariya a zamanin dā ba ma bukatar dogon bayani. Garin da ba ganuwa, kowa ya ga dama ya shiga ya kwashi abin da yake so.

Mutum biyu a Littafin Farawa

A sura 25 muna karanta labarin Isuwa. Ya dawo daga farauta da yunwa, ya tarar da ƙanensa Yakubu yana girki, sai ya sayar masa da matsayinsa na ɗan fari a kan kwanon abinci ɗaya. Yunwar ta gaske ce, amma da ya jira kaɗan da ta wuce. Abin da ya rasa kuwa bai dawo ba. Shi ya sa Hausawa ke cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

A sura 41 kuma ga Yusufu a Masar. Shawarar da ya ba Fir'auna mai sauƙi ce: a cikin shekara bakwai na ƙoshi a riƙa keɓe kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona ana tarawa. Da shekara bakwai na yunwa suka zo, wannan ajiya ce ta ceci Masar, ta ceci 'yan'uwan da suka sayar da shi. Ku lura, an yi tanadin ne tun ana cikin yalwa. Da sun jira sai yunwa ta shigo, da ba abin da za su tara.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da sun shiga aji ba. Mahaifina yakan zaɓi zangarniyar dawa mafi kyau ya ɗaure ya rataye a can sama, kuma ko yunwa ta kai yaya ba mai taɓa ta, domin ita ce iri. Tun cikin 1975, da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, taki na zamani da ingantaccen iri suka yaɗu, masara ta tashi daga abin gasawa a bayan gida ta zama babban amfanin sayarwa. Kuɗi suka fi yawa a hannun manomi, jaraba ma ta ƙaru.

Wurare huɗu da za mu fara

Na farko, rumbu. Kafin ka kai buhu ɗaya kasuwa, ka zauna da matarka ku yi lissafi. Idan gidanku yana cin tiya ɗaya a rana, a shekara kuna bukatar tiya 365. Idan buhu yana ɗaukar tiya 40, abincinku ya haura buhu 9, sai ku keɓe 10. Bayan wannan ku ware na takin baɗi, da kuɗin makarantar yara, da na magani, da zakka da baikon godiya. Abin da ya rage shi ne na Kirsimeti da bukukuwa. Masu tsoron ƙwari su nemi buhun nan na PICS mai ruɓi uku, wanda idan an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Farashi ba ya da tabbas: wata shekara ya tashi da damina, wata shekara ya faɗi. Amma wanda abincinsa ke cikin ɗakinsa bai damu da yadda kasuwa ta kwana ba.

Na biyu, abin sha da caca. Ba zan ɓoye ba, burkutu ta cinye gonaki da yawa a cikin jama'armu. Matasanmu kuma sun sami nasu: ƙwayar tramadol da ake sha wai don ƙarfin noma, da maganin tari mai kodin wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, da cacar ƙwallo a waya. Ƙwaya tana ɓoye gajiya ne kawai, jiki kuwa sai ya biya bashin. Wanda abin ya riga ya kama shi har ba ya iya dainawa, ya sani cewa ciwo ne, ya je asibiti, ya kuma zo mu yi magana. Neman taimako ba abin kunya ba ne.

Na uku, harshe da fushi. Wasiƙar Yakubu sura 3 ta kwatanta harshe da ɗan ƙaramin tartsatsi mai cinye babban daji, mu kuma mun san abin da wutar daji take yi da rani. Gidaje nawa ne suka mutu saboda kalma ɗaya da aka furta cikin fushi? Rigingimu nawa ne a kan iyakar gona suka kai kotu, har kuɗin shari'a ya fi kuɗin gonar? A wannan zamani akwai kuma jita-jitar da ake turawa a waya. A yankin da ke fama da 'yan bindiga, labarin ƙarya ɗaya yana iya sa a ɗora wa maƙwabci laifin da bai yi ba. Magana zarar bunu ce. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka tura.

Na huɗu, lokaci. Da damina gona ce ke tsara mana yini. Da rani kuwa wata biyar ko shida sukan wuce a gindin bishiya. Wanda ke kusa da fadama ya dubi yadda mutanen Danja suke noman tumatir da rake. Wanda ba shi da fadama ya yi kiwo, ko ya koyi sana'a, ko ya tara takin gargajiya ya kai gona, ko ya shiga ajin yaƙi da jahilci domin ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa.

Amsa ga masu cewa hali zanen dutse ne

Wani zai ce, “Fada, ni haka Allah ya yi ni.” Bari in ba ku labarin Mat Talbot, wani lebura a birnin Dablin na ƙasar Ailan, wanda aka haifa a 1856. Ya fara shan giya yana da shekara goma sha biyu, ya shekara goma sha shida a ciki, har takalminsa yakan jinginar don ya sha. Wata rana a 1884 ya tsaya a ƙofar mashaya ba ko kwabo a aljihunsa, abokan shansa suka wuce shi ba wanda ya ce masa ya shigo. Ya koma gida, ya je wurin firist, ya yi alkawarin barin giya na wata uku kacal. Da suka cika ya ƙara. Ya riƙa zuwa Misa da asuba kafin aiki, da yamma ya zauna a majami'a maimakon ya bi ta mashaya, ya kuma bi waɗanda suke binsa bashi ya biya su. Ya rasu a 1925 bayan shekara 41 bai ƙara kurɓa ba, kuma a 1975 Paparoma Bulus na Shida ya amince da nagartar rayuwarsa.

Abu uku za mu koya daga gare shi. Ya fara da ɗan ƙaramin alkawari, domin da rarrafe yaro kan tashi. Ya guje wa wurin da yakan faɗi. Ya kuma dogara ga alherin Allah ta wurin addu'a da sakramenti, don ya san ƙarfinsa kaɗai ba zai isa ba.

Gaskiya ne kamun kai ba zai sauko da farashin taki ba, ba zai kuma kori 'yan bindiga daga dazuzzukan Faskari da Sabuwa ba. Akwai talaucin da ba laifin mai shi ba ne, kuma kada kowa ya ɗauki wannan darasi ya jefi ɗan'uwansa da aka kora daga gonarsa. Sai dai a lokacin tsanani ne ɗan abin da ke hannunmu ya fi bukatar a kiyaye shi. Wanda ya kame bakinsa daga almubazzaranci, shi ne zai sami tiya biyu da zai ba wanda ya yi sallama a watan Agusta. Dalilin azuminmu ke nan: mu hana kanmu domin wani ya samu.

Aikin wannan wata

Ka zaɓi abu ɗaya tak da ka san yana rinjayarka. Ka faɗa wa mutum ɗaya da ka amince da shi, matarka ko mijinki, ko katikis, ko wani a zumuntarku, domin ya riƙa tambayarka. Kowane dare kafin barci ka ɗauki minti biyar: ka gode wa Allah saboda yinin, ka duba inda ka tsaya da inda ka faɗi, ka nemi gafara, ka shirya wa gobe. Idan ka faɗi kada ka ce shi ke nan. Manomi ba ya barin gona don ciyawa ta sake fitowa, yakan koma ya yi maimai. Ka zo ka furta zunubinka, ka tashi ka ci gaba.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. A gidanmu, wa ke yanke shawarar sayar da hatsi, kuma ana shawara da uwargida?
2. Wane abu ne muke yi a biki don kada a raina mu, wanda yake jefa mu cikin bashi?
3. Ta yaya za mu taimaki ɗan'uwa mai fama da sha ba tare da mun kunyata shi ba?

Mu yi addu'a

Ya Allah Uba, kai ne ka ba mu ruwa da ƙasa da ƙarfin noma. Ka ba mu Ruhunka Mai Tsarki domin mu iya riƙe hannunmu da harshenmu da zuciyarmu. Ka sa abin da muka girba ya ishi gidajenmu har wata kaka, ya kuma kai ga mabukata. Ka ba ƙasarmu zaman lafiya. Muna roƙo ta wurin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.