Amsoshin Tambayoyinku: Birnin Gao da Kushewar Askiya



Takardar farko daga Birnin Kebbi take. Wani bawan Allah ke cewa, don Allah a ba shi tarihin Gao, kuma me ya ɗaukaka ta?

To malam, Gao tana ƙasar Mali, a gaɓar Kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Isa. Kogin nan shi ne arzikinta. A zamanin da, a bakinsa ayarin raƙuma ke sauke gishirin Sahara, jiragen ruwa su kwasa, su kuma kawo hatsi da zinariya. Arzikin ya kai har wajen shekarar 1100 ana kawo wa sarakunanta duwatsun kabari na marmara tun daga Andalus. Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, daga Gao ya tashi da dawakai da jiragen yaƙi ya ci Timbuktu da Jenne, daular Songhai ta tsaya da ƙafafunta. Askiya Muhammadu ya karɓi sarauta a 1493, kuma shi ne wanda Kantanku na Kebbi ya yi wa tawaye. A 1591 sojojin Maroko suka zo da bindigogi suka karya daular a yaƙin Tondibi.

Sai wata malama daga Damagaram, tana tambaya ko akwai abin da ya rage na wancan zamani.

Akwai, malama. Kushewar Askiya tana nan tsaye tun 1495. Ginin ƙasa ne mai faɗi a gindi, yana tsukewa zuwa sama, tsayinsa mita 17. Itatuwan da suka fiffito a jikinsa su magina ke takawa idan mutanen gari suka taru yin yaɓe. Da masallatai biyu da maƙabarta a harabar, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2004.

Ga kuma abin da ya haɗa mu da mutanen Gao: Shehu Magili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, shi ne ya je Gao ya amsa tambayoyin Askiya. Malami ɗaya sarakunan biyu suka saurara, saboda haka tarihin Gao ya cancanci a koya wa 'ya'yanmu tare da na Kano.

Ku ci gaba da aiko da takardunku. Allah ya kai mu mako mai zuwa lafiya.