Yadda Ake Kula da Fentin Mota a Gida a Akokan

A Akokan da Arlit, da wuya ka shiga motar da babu tsumma a ƙarƙashin kujerarta, kuma kowace safiya da shi ake goge ƙurar da ta kwana a kan kapo. Wannan tsumman ne ke cinye fentin motocinmu, fiye da rana, fiye da tsakuwar hanyar Agadas. Akasarin ƙurar nan ɓarɓashin yashi ne, ƙwayar yashi kuwa ta fi gilashi tauri, balle fenti. Duk sa'ad da ka danne ta da busasshen tsumma ka ja, abin da kafinta ke yi wa katako da samfefa shi kake yi wa motarka. Ka tsayar da ita a rana ka dubi ƙofa ta gefe, za ka ga siraran zane sun kewaye hasken. Hannu ne ya yi su.

Fentin yawancin motocin yanzu hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, sai na sama mai sheƙi marar launi, wanda masu fenti ke kira barni. Shi barnin kaurinsa kashi 40 zuwa 50 ne kacal cikin dubu na milimita, bai kai silin gashi ba, kuma shi ke tare zafin rana daga launin. In ya ƙare, babu wani mai da zai dawo da shi, sai sabon fenti. Tun da kamfanin haƙar uraniyom na Cominak ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, kowa a garin nan ya san yadda kuɗi suka yi wuya. Mota jari ce, kuma ranar da za ka sayar, mai saye jiki yake fara dubawa kafin ya ce a tada inji. Alherin da muke da shi a nan shi ne tsatsa ba ta cika damunmu ba, don babu laima. Yaƙinmu da yashi ne da rana.

Kayan da za ka tanada

Bokiti uku. Sabulun wanke mota na ruwa. Tsummokan mikrofiba, a ƙalla shida, don su ke ɗauke ƙwayar yashi su ɓoye ta cikin gashinsu maimakon su ja ta a kan fenti. Wanda bai samu ba ya nemi tawul na auduga mai laushi, ya cire masa ɗinkin baki. Sai ɗan soso mai laushi na shafa kaki, da man goge fenti, da kakin mota, da kwalbar binegar fari, da ɗan kananzir. Tsohuwar riga da buhu da soson wanke tukunya, a bar su inda suke.

Omo da sabulun wanke kwanoni an yi su ne don su narkar da maiƙo, kaki kuwa maiƙo ne. Wanki ɗaya ko biyu da su ya isa ya tuɓe kakin da ka sha wahalar shafawa, ya kuma busar da robobin tagogi. Lokaci guda kawai na yarda da sabulun kwanoni: ranar da kake son cire tsohon kaki gaba ɗaya kafin ka shafa sabo.

Lokaci da wuri

Bayan sallar asuba, ko bayan la'asar sakaliya, a cikin inuwa. Ka ɗora bayan hannunka a kan kapo. In ba za ka iya barinsa a wurin ba, ba lokacin aiki ba ne. A watan Mayu da Yuni, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, jikin baƙar mota a rana yana iya kai wa digiri 70 ko fiye, ruwa ya bushe kafin ka kai gare shi, kaki ya ƙone ya manne. Ranar da iska ke tashi da ƙura ma ka haƙura, don kana gogewa tana zuba maka sabon yashi a ƙarƙashin tsumma. Ka yayyafa ruwa a ƙasa kewaye da motar don takunka kada ya tada ƙura.

Mataki na farko: sauke yashi kafin hannu ya taɓa mota

Nan ne duk aikin yake, kuma nan ake yawan gaggawa. Ka ɗebi ruwa da moɗa ko buta ka riƙa zubawa daga rufi zuwa ƙasa, a hankali, ruwan ya kwashe yashin da kansa. Mai ƙaramin famfon feshi na hannu, sabo wanda bai taɓa ganin maganin ƙwari ba, ya fi kowa dacewa, don yana jiƙa mota duka da ruwa kaɗan. Ka bar ta minti biyu ko uku ƙurar ta jiƙa, ka sake zuba wani. Ka kula da ramukan da yashi ke taruwa: gindin gilashin gaba, bakin robobin tagogi, bayan madubi, da wajen murfin tanki. In ba ka fitar da shi yanzu ba, zai gangaro ne daidai lokacin da kake shafa kaki.

Na san abin da za a ce: ruwa ba banza yake ba a Arlit. Gaskiya ne. Ruwan da muke sha daga can ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, tsohon ruwa ne da ɗan ruwan saman da muke samu ba ya mayar da shi. Amma lita 30 zuwa 40 ta isa mota ƙarama in an bi a tsanake, kuma wanki mai kyau sau ɗaya a mako ko mako biyu ya fi gugar busasshe kullum. A tsakani, ka wanke gilasai da fitilu kawai, ka bar jikin da ƙurarsa. Ƙurar da ke kwance ba ta zana fenti sai an ja ta.

Akwai wani dalili kuma na jiƙa ƙura maimakon kaɗe ta ko hura ta da iska. Garin nan kusa da tulin dusar ma'adinin uraniyom yake, kuma a watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace tare da cibiyar CRIIRAD ta Faransa sun auna wasu wurare a titunan Akokan suka sami tururin da ya zarce ƙima. Ba ƙura ce da mutum zai so ya tayar ya shaƙa ba, balle ya sa yaro ya riƙa yi masa kowace safiya.

Mataki na biyu: wanki da bokiti biyu

Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwan ɗauraya. Ka tsoma tsumma a sabulu, ka wanke ɓangare ɗaya, ka ɗauraye tsumman a bokiti na biyu ka matse, sannan ya koma sabulu. Haka yashin ke zama a gindin bokitin ɗauraya, ba ya komawa jikin mota. Ka fara da rufi, sai gilasai, kapo, ƙofofi daga sama, ƙasan ƙofofi a ƙarshe don nan ne ya fi datti. Ka ja hannu a miƙe, gaba da baya, ba tare da dannawa ba. Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aikin ranar. Tayu da ƙafafu suna da nasu bokitin da nasu tsumman, kada su haɗu da na jiki.

Kowane ɓangare ka gama, ka ɗauraye nan take, kada sabulu ya bushe a kai. Da ka gama duka, ka tsane ruwan da busasshen mikrofiba mai tsabta, kana ɗorawa kana ɗagawa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan bar farin tabo in ya bushe da kansa, rana kuma ta gasa tabon ya kama barni. In ya riga ya kama, ka gauraya binegar da ruwa rabi da rabi, ka jiƙa tsumma ka ɗora minti ɗaya, ka ɗauraye sosai.

Ɗigon kwalta kuwa, ɗan kananzir a bakin tsumma yana narkar da shi, sai ka sake wanke wurin da sabulu. Amma al'adar nan ta shafe mota duka da gazuwal don ta yi ƙyalli, a daina ta. Ƙyallin na yini ɗaya ne, maiƙon yana kama ƙura, yana kuma lalata roba.

Mataki na uku: gwaji

Ka sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa a kan kapo mai tsabta. In ka ji ƙurji-ƙurji, akwai abin da ya nutse a fenti wanda wanki ba ya cirewa. Ana cire shi da wani ɗan curin laka ta musamman da ake sayarwa don haka: ka jiƙa wurin da ruwan sabulu sosai, ka riƙa zame curin a kai har ya daina kamawa, kana naɗe shi don fuska mai tsabta ta fito. Ba a cika samunsa a nan ba, sai an yi saƙo. Wanda bai samu ba ya wuce, ba dole ba ne.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci. Ka ɗiga man goge fenti a kan tsumma mai launin da ya saɓa da na motar, ka goge wani ɓoyayyen wuri. In launin ya fito a tsumma, motarka ba ta da barni, fentinta hawa ɗaya ne a sama. Haka fararen Land Cruiser da Hilux da yawa suke, su ne kake gani sun yi fari fat babu sheƙi, kana shafawa farin gari na biyo hannunka. Irin wannan fentin yana farfaɗowa da guga fiye da yadda mai shi ke zato.

Mataki na huɗu: guga

Man guga da kaki ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a shago ana haɗa su a suna ɗaya. Man guga yana kankare ɗan saman fenti ne don ya daidaita shi, kaki kuwa rufi yake ɗorawa. Don haka guga sau ɗaya a shekara ta isa, kuma motar da ke da sheƙinta ba ta buƙatar ta.

Ka ɗauki wuri kamar kamu biyu tsawo da faɗi. Ɗigo uku ko huɗu a kan soso, ka goge gaba da baya, sannan gefe da gefe, da matsakaicin ƙarfi, har man ya kusa ɓacewa, ka share da tsumma mai tsabta ka duba. Ka sassauta hannu a kan kusurwoyi da bakin ƙofofi, fenti ya fi siranta a nan. Zanen da farcenka ke maƙalewa a ciki ya wuce barni, guga ba za ta fitar da shi ba, za ka cinye na kewaye ne a banza. Kuma don Allah kada ka ɗaura soso a injin yankan ƙarfe. Gudunsa ya yi yawa, cikin daƙiƙa kaɗan zai ƙone fenti har ƙasa.

Mataki na biyar: kaki

Iri biyu za ka tarar. Akwai na karnauba, da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya ta ƙasar Barazil. Sheƙinsa ya fi kyau, amma a zafi irin namu da kyar yake wuce wata ɗaya ko biyu. Akwai kuma na haɗin masana'anta, wanda yakan yi wata huɗu zuwa shida. A Akokan na biyun nake ba da shawara, ba tare da wani kokwanto ba. Kamfanoni irin su Turtle Wax da Meguiar's suna yin duka biyun, sai ka karanta gwangwanin. In ka buɗe ka tarar ya tsage ko ruwa ya rabu da shi har girgiza ba ta haɗa su, ya sha rana a hanya, kada ka saya.

Ka shafa shi siriri, har da kyar ake ganinsa. Cika shi ba ya ƙara kariya, wahalar sharewa kawai yake ƙarawa. Ɓangare ɗaya a lokaci guda, ka guji baƙar roba, don yana bar mata farin tabo mai naci. Ka jira ya yi hazo-hazo, ka ja yatsa a kai: in wurin ya fito fes, lokacin sharewa ya yi, in ya yi maiƙo, ka ƙara jira. A busasshiyar iskarmu yakan riga lokacin da aka rubuta a gwangwani. Ka share da mikrofiba, kana juya shi. Rufi da kapo su suka fi shan rana, ka ƙara musu shafi na biyu washegari bayan ka ɗauraye ƙurar dare. Fitilun gaba ma ka shafa musu, yana rage saurin komawarsu rawaya.

Lokutan da suka fi dacewa da shafa kaki su ne kafin iskar hunturu ta fara, wajen Oktoba ko Nuwamba, da kuma Maris kafin zafin bazara, sai ka ƙara na uku in hali ya yi. Alamar ƙarewarsa a bayyane take: ka zuba ruwa a kapo, in ya dunƙule ya gangare kaki na nan, in ya baje ya kwanta ya tafi.

Tsakanin wanki da wanki

Inuwa ta fi kowane kaki. Rumfar kwano ko ta zana a tsakar gida za ta yi wa fenti abin da gwangwani goma ba za su yi ba. Tampol kuwa sai da lura: in ka rufe mota mai ƙura, iskar dare za ta riƙa kaɗa shi yana gugar yashin a kan fenti har gari ya waye. A rufe mota mai tsabta kawai, da mayafi mai laushin ciki, a ɗaure shi tamau. Kashin tsuntsu da ƙaron itace kada su yini a rana, ka ɗora musu jiƙaƙƙen tsumma su yi laushi ka ɗage. Man birki da ruwan batir in sun ɗiga, a wanke da ruwa mai yawa nan take, don suna cin fenti.

Wanda ke bin hanyar Agadas ko ta Assamaka ba zai rasa saran tsakuwa a gaban kapo ba, musamman in yana manne wa manyan motoci. Ka ba su tazara. In saran ya kai ƙarfe, ka duba lambar launin motarka, a Toyota tana kan ƴar takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko a ɗan allon cikin ɗakin inji, ka kai wa mai haɗa fenti ya ba ka kaɗan. Ka tsabtace ramin, ka ɗiga fentin da tsinken ashana, ka bar shi ya bushe, ka ƙara har ya cika. Inda kuwa barni ya fara ɓarewa fari-fari a rufi, kada ka ɓata kuɗinka a kan man guga, wurin ya zama na mai fenti. Ka tambaye shi inda zai yi feshin, ka nace a yi a rufaffen wuri da aka jiƙa ƙasarsa, kuma ka bar sabon fentin wata ɗaya zuwa uku ya gama bushewa kafin ka shafa masa kaki.