Samariya: ƙarfin yaro da dabarar tsoho

A kowane gari akwai yara, akwai samari da ƴan mata, akwai magidanta, akwai kuma tsofaffi. Samari suna da ƙarfi, amma ba su daɗe a duniya ba. Tsofaffi sun ga jiya, sun ga yau, amma ƙarfinsu ya ragu. Saboda haka, tun zamanin kakanni, mutanen ƙasar Hausa suka nemi hanyar gama su bisa aiki guda. Ɗaya daga cikin hanyoyin nan ita ce samariya.

Mece ce samariya?

Samariya ƙungiya ce ta samari da ƴan matan gari. Shugabanta shi ne sarkin samari. Yana da mataimaka masu sarautu irin na fada, kamar waziri da galadima. Ƴan mata su ma suna da tasu shugaba. Sau da yawa sarkin samari ba yaro ba ne: magidanci ne mai hankali, wanda samari ke jin maganarsa, dattawa kuma suka yarda da shi. In za a yi wani aiki, sai ya je wurin mai gari da dattawa su yi shawara. In sun tsai da rana, shi ke kai wa samari labari.

Ranar gayya

Babban aikin samariya shi ne gayya. In damana ta yi nisa, haki ya kama gonar wani tsoho ko ta wata mace da mijinta ya rasu, sai a kira gayya. Da sassafe samari su fito da hauyoyinsu, su jeru a bakin gona. Makaɗa suna biye da su, suna kiɗa, suna yi wa kowa kirari. Ƴan mata suna kawo ruwa da fura. Aikin da zai ɗauki mutum guda kwana goma, sai a gama shi kafin azahar.

Tsofaffi kuwa ba zaman kallo suke yi ba. Su ke nuna iyakar gona don kada a shiga ta maƙwabci. Su ke gyara wa sabon manomi riƙon hauya. In yaro ya ɗaga hannu zai sare ɗan gawo, sai tsoho ya tsai da shi, ya gaya masa dalili: gawo yana zubar da ganyensa da damana, ba ya tare wa hatsi rana; ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma su ci da dabbobi da rani. A Damagaram har yanzu ana ba da labarin yadda sarakunan da suka hana saran gawo, suka sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare shi.

Haka abin yake wurin ginin rijiya, da ɗaurin rumbu, da zaɓen iri. Saurayi ke shiga rami, amma tsoho ke nuna inda za a gina. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Samariya a zamanin Kunce

A shekarun 1973 da 1974 an yi babban fari a Nijar. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare. Ran 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka karɓi mulki, Saini Kunce ya zama shugaban ƙasa. Sabuwar gwamnati ta hana jam'iyyun siyasa, ta ɗauki samariya ta ba ta sabon tsari. Aka kafa ta a ƙauyuka da unguwannin birane, tun daga Yamai har Tawa, Maraɗi da Damagaram, har da yankunan da ba Hausa ake yi ba.

Samariya ta yi ayyuka da yawa a wannan zamani. Ta gina azuzuwan makaranta, ta share tituna, ta gyara hanyoyi. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, wato ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa, samari kuma su ke gina ramu, su ke ban ruwa. Bayan farin 1984 gwamnati ta yi kira a kama noman rani. Tsofaffin masu garka suka koya wa matasa yadda ake jan fangali da renon albasa, da tumatir, da kabeji.

Abin da ya rage mata ƙarfi

Amma akwai wani abu da ya canza. A da, shawarar aiki daga cikin gari take fitowa. Yanzu sau da yawa umurni ne ke zuwa daga sama. Akan tara samari don taryen manyan baƙi da kiɗa da rawa, ko da akwai aiki a gona. Wasu suka fara ganin samariya ta zama ta hukuma, ba tasu ba. Kunce ya rasu a 1987. A 1991 aka yi babban taron ƙasa a Yamai, siyasar jam'iyyu da yawa ta shigo, samariyar gwamnati kuma ta watse.

Daga baya samarin birane suka kafa wuraren hira da ake kira fada, inda suke shan shayi, suna taimakon juna. A ƙauyuka kuwa, da an gama girbi, samari da yawa kan tafi ci-rani Najeriya, ko Libiya, ko wasu ƙasashe. Fada tana gama tsara da tsara, amma ba kasafai tsoho ke zama a cikinta ba. Ga hatsarin da ke cikin wannan: in tsoho ya rasu bai sami wanda zai koya wa ba, abin da ya sani ya tafi tare da shi.

Duk da haka aikin haɗin gwiwa bai mutu ba. Ana yin gayya har yanzu a garuruwa da yawa. Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani: maimakon su sare tohon da ke fitowa daga kututture, sai su bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi su girma. Da wannan dabara itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta na gonakin kudancin Nijar. Tsoho ya san kututturen kalgo da na sabara, ya san amfanin kowanne. Yaro ke riƙe da gatari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'anar kalmomi

Gayya: aikin da jama'a ke taruwa su yi wa mutum guda.
Fangali: ɗan fili da aka kewaye da ƙasa don ya riƙe ruwa a garka.
Toho: sabon ganye ko reshe da ke fitowa daga itace.

Tambayoyi

1. Wane ne ke shugabantar samariya? Da wa yake yin shawara?
2. Mene ne aikin samari ran gayya? Mene ne aikin tsofaffi?
3. Don me manoma ke barin gawo a gona?
4. Faɗi ayyuka uku da samariya ta yi bayan 1974.
5. Me ya rage wa samariya ƙarfi?

Aiki

Ku kasu uku uku. Ku je wurin wani dattijo ko wata tsohuwa ta unguwarku. Ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su aikin da suka yi cikin samariya ko gayya. Ku rubuta abin da suka faɗa cikin layi goma, ku karanta a aji. Kafin ku taso, ku tambayi aikin da za ku kama masu a gida.