Yadda ake gano abin da ke cinye ƙarfin furosesa a sabar PostgreSQL

Da zarar manhaja ta fara jan ƙafa, sai ka ji an ce a sayi sabar da ta fi ƙarfi. Dakata tukuna. Sau da yawa tambaya guda ce mai mugun tsari ke gasa wa injin aya a hannu, kuma kana iya kama ta kafin a kashe ko kwabo.

Ka fara shiga sabar ta SSH, ka rubuta nproc don sanin kawuna nawa furosesar ke da su. Sai ka buɗe top. A layin farko akwai lambobi uku na matsakaicin nauyin aiki: na minti 1, na minti 5 da na minti 15. Lamba 6 a inji mai kawuna 8 ba abin tada hankali ba ce. A mai kawuna 2 kuwa, layi ya yi tsawo. Danna 1 ka ga kowane kai daban.

A layin furosesa ne ya kamata ka daɗe. Idan us ne ya hau, galibi rumbun bayanan ne ke aikin lissafi da gaske. Idan wa ne, furosesa zaune take tana jiran faifan ajiya, don haka ƙara mata ƙarfi ba zai tsinana komai ba. A Linux ma masu jiran faifai suna shiga cikin lissafin nauyin nan, abin da ke ruɗa mutane da dama. Shi kuwa st, a sabar haya ake ganinsa: lokacin da babban injin ya ba wasu maƙwabta alhali kana buƙata. Wannan magana ce tsakaninka da kamfanin da ka yi haya a wurinsa.

Don tabbatarwa, rubuta vmstat 5, amma ka tsallake layin farko, matsakaici ne tun daga lokacin da aka kunna injin.

To, a ce us ne. PostgreSQL na buɗe wa kowace haɗuwa aikinta daban, saboda haka lambar PID da ke saman jerin top ita za ka nema a pg_stat_activity, ka ga tambayar da ke gudana da lokacin da ta fara. Idan dole a tsayar da ita, yi amfani da pg_cancel_backend. Kada ka kuskura ka yi mata kill -9, domin sabar za ta katse kowa da kowa ta sake tashi.

Wani lokacin ba katuwar tambaya ba ce, ƙarama ce da ake maimaitawa ba iyaka. Ita wannan pg_stat_statements ke tona mata asiri. Sai an sa shi a shared_preload_libraries an sake kunna rumbun, don haka a yi shi tun ana zaman lafiya. Jera sakamakon bisa total_exec_time, sunan da ake amfani da shi tun daga siga ta 13. Ɗauki ta sama ka gwada ta da EXPLAIN. In ka ga Seq Scan a kan babban tebur, wataƙila fihirisa ce babu. Ka tuna EXPLAIN ANALYZE na aiwatar da tambayar da gaske, ko da ta gogewa ce.

Saura tarihi. Girka sysstat, sar zai riƙa adana ma'auni duk minti 10. A Debian sai ka kunna shi da kanka. Ranar da aka ce maka injin ya shaƙe da ƙarfe biyun dare, sar -u zai nuna maka ko hakan ne, sannan ka duba ko lokacin ya zo daidai da kwafin ajiya ko wani aikin cron.