Yaji Mai Kyau Daga Gona Yake Farawa

Darasinmu na yau a kan yajin nama ne. Kowa ya san tsire da balangu. Kowa ya san kilishin Tasawa, wanda matafiya ke saye su kai tsaraba Yamai da Damagaram. Ranar Sallar Layya kuma, in an gasa rago a bakin wuta, kowane gida yana daka yajinsa. Amma mutane kaɗan ne suke tambaya: wace irin gujiya ce ta shiga cikin yajin nan? Amsar tambayar ta shafi lafiyarmu da ta ƴaƴanmu.

Kayan yaji

Uwar yaji ita ce ƙuli-ƙuli, wanda ake yi da tunkuzar gujiya bayan an matse mai. Gujiya kuwa, wadda wasu ke kira gyaɗa, tamu ce. Muna noma ta a gonakin Tasawa da Mayahi. Barkono ma muna samun sa a lambunanmu. Tattasai mai jan launi yana zuwa daga Diffa. Citta tana zuwa daga kudancin Kaduna, a Nijeriya. Masoro da kimba suna fitowa daga ƙasashen kurmi. Kanumfari shi ne ya fi yin doguwar tafiya, don ana noma shi a wurare kamar Zanzibar da Madagaska.

Kowane ɗaya da aikinsa. Ƙuli-ƙuli yana ba da gardi, yana kuma sa yaji ya manne wa nama. Barkono da masoro suna ba da zafi. Citta da kanumfari da kimba suna ba da ƙanshi. Gishiri yana fito da ɗanɗano.

Ga wani awo mai sauƙi da ƙaramin kofin shayi:

1. Ƙuli-ƙuli dakakke, kofi 10.
2. Barkono, kofi 2.
3. Citta, kofi 1.
4. Masoro, rabin kofi.
5. Kanumfari da kimba a haɗe, rabin kofi.
6. Gishiri, rabin kofi.

A daka kowane daban a turmi mai tsabta, busasshe. A tankaɗe, sa'an nan a haɗa. Mai son zafi ya ƙara barkono. Gidan da akwai yara a rage shi.

Gubar da ido ba ya gani

In gujiya ta sha laima, fumfuna tana kama ta. Wani irin fumfuna yana fitar da guba wadda likitoci ke kira aflatoksin. Gubar nan ido ba ya ganin ta. A cikin yaji kuma, barkono da citta suna rufe ɗacin ruɓaɓɓiyar gujiya, mai ci ba zai gane ba.

An gano gubar ne bayan abin da ya faru a Ingila a shekarar 1960. Talo-talo wajen 100,000 suka mutu saboda sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gujiya mai fumfuna. A shekarar 2004 kuma, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka rasu bayan sun ci masara mai wannan guba.

Ba kullum take kisa nan take ba. In mutum yana cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, tana lalata hanta. Tana iya kawo sankarar hanta, musamman ga wanda yake ɗauke da ƙwayar ciwon hanta tun da farko. Masu bincike sun kuma ga cewa yaran da ke yawan cin ta ba sa girma yadda ya kamata.

Mu riƙe wannan da kyau: suya da gashi ba sa kawar da gubar nan. In an matse mai, yawancinta a cikin tunkuza take zama. Ke nan daga tunkuza ta shiga ƙuli-ƙuli, daga ƙuli-ƙuli ta shiga yaji, daga yaji ta shiga cikinmu. Barkonon da bai bushe sosai ba shi ma yana iya ɗaukar ta.

Aikin manomi

Rigakafi ya fi magani. Rigakafin kuwa a gona yake.

1. A cire gujiya da zarar ta nuna. Kada a bar ta ta daɗe a ƙasa, ƙwari su huda ɓawonta.
2. A yi hankali da hauya. Ɓawon da ya fashe ƙofa ce ga fumfuna.
3. A shanya ta a kan tabarma ko tanti. Kada a zuba ta a tsirarar ƙasa. In hadari ya taso a kwashe.
4. Kada a sa ta a buhu sai ta bushe sarai. In an girgiza ta, ƙwayar ta yi kacau-kacau a cikin ɓawo.
5. A ɗora buhuna a kan itace, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo.

Aikin mai ƙuli-ƙuli

Iyayenmu mata da ƴan'uwanmu masu sana'ar mai, mun san ribarku ba ta da yawa. Mun san kuma gujiya mai araha tana jan ido a kasuwa. Amma araha ba ta ado. Kafin suya, a baza gujiya a faifai, a tsince ta. A fitar da wadda ta yi baƙi, da mai kore-kore, da wadda ta yamutse, da wadda ƙwaro ya ci. Kada a ba yara su tauna. Kada a ba akuya ko saniya da ake tatsa, don gubar tana bi ta cikin nono. A binne ta ko a ƙone.

In an gama daka yaji, a zuba shi a kwalba ko gwangwani mai murfi. A ɗiba da busasshen cokali. Da damina a riƙa daka kaɗan-kaɗan. Yajin da ya dunƙule, ko ya yi warin laima, a zubar da shi.

Aikin mai gashi

Yaji ado ne ga nama mai kyau. Ba ya gyara naman da ya lalace, ɓoye warinsa kawai yake yi. Saboda haka a yanka dabba mai lafiya, wadda ma'aikacin dabbobi ya duba. A wanke hannu da sabulu. A yanka nama siriri, a shafa mai da yaji, a bar shi ɗan lokaci a rufe a inuwa. A gasa shi a kan garwashi, kada harshen wuta ya ƙone shi. A bari ya gasu har ciki, jini ya daina fita.

Akwai kuskuren da muke yawan gani a kasuwanni. Faifan yajin da aka birkita ɗanyen nama a ciki, shi ne kuma ake ɗiba a barbaɗa wa gasasshe. Ta haka ƙwayoyin cuta ke komawa kan naman da ya riga ya gasu, su kawo zawo da amai. A raba yaji gida biyu: na ɗanye daban, na gasasshe daban. A rufe nama saboda ƙuda da ƙura.

Batun gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Wannan bai wuce ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, har da na miya. Dunƙulen magi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Yawan gishiri yana kawo hawan jini. In an sa citta da tafarnuwa da kimba sosai, nama zai yi daɗi ko da gishiri kaɗan ne.

Jama'a, tsinken tsire guda hannu da yawa ne suka taɓa shi: manomi, da mai ƙuli-ƙuli, da mahauci. In ɗaya ya yi sakaci, mai saye ne zai kwanta. Mai sayen nan kuwa yana iya zama ɗanka ko ƴarki. Ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.

Tambayoyi don ɗalibai

1. Wace irin gujiya ce za a fitar kafin suya?
2. Me ya sa ba za a ba akuyar tatsa gujiya mai fumfuna ba?
3. In kofi 10 na ƙuli-ƙuli yana son kofi 2 na barkono, kofi nawa na barkono za a sa wa kofi 30?
4. Ku rubuta sunayen kayan yaji 5 da ake sayarwa a kasuwar garinku.