Ku Leƙa Laburaren Garinku

A watan Disambar 2018 aka buɗe laburaren Oodi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan. Littattafai na hawa na uku. A hawa na biyu kuwa kekunan ɗinki ne, da ɗakunan naɗar sauti, da na'urorin da ke ƙera abu daga zanen kwamfuta. Mutum ya shigo ya gyara rigarsa, ya koyi aikin hannu, ya tafi. Hikimar a fili take: kayan aikin da talaka ba zai iya saya shi kaɗai ba, sai a ajiye su inda kowa zai mora.

Mu ma muna da gine-ginen. Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad yana nan a Kano, haka wasu manyan biranenmu suna da nasu. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu ba ma tuna su sai jarrabawa ta matso.

Don Allah ku je ku yi rajista, ku tafi da yaranku, domin wurin da jama'a ke cika shi hukuma ke waiwaya. Ku tambayi ma'aikata ko akwai ɗakin da ba a amfani da shi. In akwai, ku nemi izini a rubuce. Tela ko mai gyaran waya na unguwa ya koyar da matasa a ɗakin na awa biyu duk Asabar. Keke ɗaya ya isa a fara. A ware wa mata lokacinsu.

Kafin ku sayi kwamfuta don ɗakin, ku fara warware batun wuta, ko da ƙaramar sola ce.